Bakin famfon tukunyar zoɓona ya yi kore, laifin tagulla ne ko na tiyo?

Maman Sadik, Tudun Wada Gusau:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya san abin ya warware min shi dalla-dalla, kada a ce min "ki sayi mai kyau" kawai a wuce. Shekara huɗu ke nan ina yin zoɓo da lemon citta na sayarwa. Tukunyata tana cin wajen lita 80. Da moɗa nake kwasa yana tururi in juye a mataci, har azumin bara ya kwaro wa babbar 'yata a dantse, tabon yana nan har yau. Shi ya sa bana na ce sai an huda min tukunyar daga gindi an sa kan famfo, a jona tiyo, zoɓon ya gangara da kansa zuwa inda nake sanyaya shi.

Mai gyaran famfo ya zo ya sa min kai irin mai ruwan gwal ɗin nan, da ɗan mahaɗi mai gaɓa-gaɓa wanda ake cusa wa tiyo, shi ma ruwan gwal, da tiyo garai-garai wanda ake hango abin da ke ciki. Jiya na gwada. Da zoɓon ya bi ta ciki sai tiyon ya yi laushi tiɓis kamar taliyar da ta wuce wuta, ya lanƙwashe ya toshe kansa, ga warin roba ya cika tsakar gida. Na bar ɗan ragowa ya kwana a gindin tukunya. Da asuba na zura yatsa a bakin famfon, sai ga wani abu kore-kore ya biyo yatsana. Na ɗanɗana ragowar, ɗanɗanon kamar mutum ya sa tsohon kwabo a baki. Saura 'yan makonni azumi, kuma rabin masu sayen zoɓona yaran islamiyya ne. Me zan canza?

Baba Ɗanjuma mai famfo:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Shekara talatin da ɗoriya ina wanga aiki a Gusau. Tagulla ce anka sa maki, kuma tagulla ba banza ba ce. Kawunan famfon da munka ɗaura a gidaje tun ina yaron shago, wasu suna nan suna aiki, na roba kuwa an canza su ba adadi. Koren da kika gani ki sa toka da lemon tsami ki goge, ya fita. Tiyon ne dai bai yi ba, wancan na awon lebur ne da magina ke riƙewa, ba a yi shi don ruwan zafi ba.

Abba Sabon Gari:
Anti ki ƙara kanwa kaɗan a zoɓon, tsamin zai ragu, shi ke nan magana ta ƙare. Mamata haka take yi.

Hajiya Kulu mai yogot, Talata Mafara:
Abba kanwa tana kashe kalar zoɓo, ya koma baƙi-baƙi, mai saye ya ɗaga gora ya ajiye. Kuma zoɓon da aka rage wa tsami ya fi saurin lalacewa, musamman yadda wuta ba ta zama. Maman Sadik ki dakata tukuna, kada ki sayar da na jiyan. Bari Malam Nura ya shigo, shi ne aikinsa awon abinci.

Malam Nura, Ƙaura Namoda:
Na shigo Hajiya. Baba Ɗanjuma, da girmanka, gaskiya ka faɗa a kan ruwa. Inda zan rabu da kai shi ne zoɓo ba ruwa ba ne a wajen ƙarfe.

Akwai ma'aunin tsami da muke kira pH. Ruwan sha yana wajen 7. Duk abin da ya yi ƙasa da haka tsami ne, kuma kowane mataki ɗaya da aka sauka, tsamin ya ninka sau goma. Zoɓon da ba a sa wa kanwa ba yana sauka ƙasa da 3. Daga 7 zuwa 3 mataki huɗu ne, wato ninki dubu goma. To ga zafi kuma a kai, zafi kuwa yana hanzarta cin ƙarfe. Kan famfon da zai shekara ashirin a bangon banɗaki, in ka ba shi tafasasshen zoɓo kullum ka canza masa rayuwa gaba ɗaya.

Ita tagulla haɗi ce, jan ƙarfe da tutiya. Koren da Maman Sadik ta gani jan ƙarfen ne tsami ya narkar, shi ne kuma ɗanɗanon kwabon nan. In ya yi yawa a abin sha yana sa tashin zuciya da amai. Amma wanda ya fi damuna ba ya da kala, ba ya da ɗanɗano. Yawancin tagullar da ake yanka wa zare a inji ana zuba mata dalma, wajen kashi 2 zuwa 3 cikin 100, don ta yi daɗin yankawa. A Amurka sai da suka yi doka, wadda ta fara aiki a Janairun 2014, cewa kayan famfon ruwan sha kada dalmarsu ta wuce kashi 0.25 cikin 100. Wanda ake zubawa a faranti a kasuwarmu ba kwali ba takarda, wa zai gaya maka nawa ke cikinsa?

Toka da lemon tsami za su goge koren, haka ne. Gobe wani zai fito, domin abin da ke fitowa jikin ƙarfen ne kansa.

Baba Ɗanjuma mai famfo:
Malam, to ai dakiƙa nawa zoɓon ka yi cikin famfon? Wucewa kawai shi ka yi.

Malam Nura, Ƙaura Namoda:
Baba duba inda aka ɗaura shi. A gindin tukunya yake, bakinsa na ciki yana nutse a cikin zoɓon tun daga ɗora wuta har saukewa. Sannan in an rufe, wani yana maƙalewa a cikin bawul ɗin, wato wajen buɗewa da rufewar famfon, ya kwana, washegari shi ne farkon abin da zai fita cikin gorar farko.

Abba Sabon Gari:
Malam ni fa na ga bidiyo da yawa a YouTube, Turawa suna haɗa manyan tukwane da tiyo a garejinsu, kuma wasu da tagulla suke yi. In akwai illa ai su ne za su fara gudu.

Malam Nura, Ƙaura Namoda:
Na san irin bidiyon da kake nufi Abba. Yawancinsu masu dafa giya ne a gida, a Amurka da Turai.

Ummu Aisha:
Subhanallahi. Me kuma ya kawo zancen giya cikin gidan nan?

Hajiya Kulu mai yogot, Talata Mafara:
Ummu Aisha yi haƙuri, ba wanda ya ce a yi ta. Yaro ya kawo hujja daga wajensu, dole a gaya masa dalilin da hujjar ba ta hau kanmu ba. Ci gaba Malam.

Malam Nura, Ƙaura Namoda:
Na gode Hajiya. Abin da suke tafasawa ruwan tsiron sha'ir ne, tsaminsa wajen 5.2 zuwa 5.4. Zoɓo ya fi shi tsami fiye da sau ɗari. Kuma ko a can, ƙa'idar abinci ta hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta hana jan ƙarfe da tagulla su taɓa abincin da tsaminsa ya yi ƙasa da 6, irin su ruwan 'ya'yan itace da ruwan khal. Masu wancan dahuwar kaɗai aka yi wa togaciya, su ma a matakan farko na aikin. Da zoɓonmu za a kai can, ƙarƙashin hanin zai faɗa kai tsaye. Ƙarfen da aka yi wa rufin tutiya, irin bututun ruwan da muke cewa galbanaiz, shi ma an hana shi taɓa abu mai tsami.

Akwai wata dabara da suke yi, kuma na san wani zai kawo ta, gara in riga shi. Suna jiƙa tagullar na 'yan mintuna a haɗin ruwan khal kashi biyu da ruwan wanke ciwo mai kumfa kashi ɗaya, wai don a cire dalmar da ke saman ƙarfen. Ta saman kawai take cirewa. Zoɓo yana cin ƙarfen yana shiga ciki, yana tono sabuwa. Su kansu yawancinsu sun koma sitenles, farin ƙarfen nan mai jure tsatsa.

Sista Hadiza, Anka:
Tun ɗazu nake karantawa ban so in yi magana ba, amma da na ga kalmar dalma hannuna ya ƙi tsayawa. Ni 'yar Anka ce, kuma ina aikin jinya a 2010 lokacin da abin ya faru. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega a wajenmu, da 'Yargalma a Bukkuyum. Ana niƙa dutsen zinariya a cikin gida, a turmin da ake daka hatsi, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Yara sama da 400 suka rasu. Da farko kowa cewa yake zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo aka gano gubar dalma ce.

Abin da ba na mantawa shi ne wata uwa da ta kawo ɗanta yana jijjiga, ta zaunar da ƙanensa a gefe yana cin ƙosai, lafiyarsa lau a ido. Aka ce a auna shi ma. Jininsa ya nuna dalma mai yawa. Ba zazzaɓi, ba kuka, ba komai. Haka take, ba ta sallama. Waɗanda suka rayu kuma wasu har yau karatu yana yi musu wuya, domin ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma abin da ta taɓa ba ya dawowa.

Zan faɗi gaskiya kada a ce na tsorata mutane: abin da kan famfo ɗaya zai saki bai kama ƙafar ƙurar ma'adinai ba, ko kusa. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa, kuma jikin yaro ya fi na babba zuƙar ta nesa ba kusa ba. Tana taruwa ne kaɗan-kaɗan. Maman Sadik ta ce yaran islamiyya ke sha kullum. Mu a jihar nan bai kamata a tsaya ana ja da mu a kan wannan ba.

Maman Sadik, Tudun Wada Gusau:
Innalillahi. Sista wallahi jikina ya yi sanyi. Na jiyan na riga na zubar a kwata yanzun nan, jarka biyu. Allah Ya jiƙan yaran nan.

Baba Ɗanjuma mai famfo:
Amin. Hadiza ɗiyata, na ji. Ni ruwa na sani, ban taɓa auna zoɓo ba. Tun da anka zo nan, bari in ƙara wani abu da ni na gani da idona. In tukunya ta yi yoyo wajen hudar, masu faci da dalma suka liƙewa, ita kanta, narkakka. Kada ki bari kowa ya kusanto tukunyarki da ita. Kuma kada a yanko maki washa daga tsohon tubun taya, yara da yawa haka suka yi.

Alhaji Mudi mai kayan gini:
To jama'a an faɗi ciwo, a faɗi magani. Ni ina shiga Kano duk mako biyu, Ƙofar Ruwa da Sabon Gari. Sitenles yana samuwa, amma a buɗe ido. Cikin fararen kawunan famfon da za a miƙo maka a ce sitenles ne, wani tagulla ce aka yi wa fenti mai ƙyalli, wani kuma wani ƙarfe ne mara nauyi da ke karyewa a hannu. Ni da mayen ƙarfe nake zuwa a aljihu. In ya kama, na ajiye. In bai kama ba, na saya.

Malam Nura, Ƙaura Namoda:
Alhaji mayen ƙarfe zai yaudare ka. Tagulla ma ai ba ya kama ta, ka ga mai fentin nan ta tsallake jarrabawarka. Sannan akwai sitenles mai araha lamba 201, shi ma ba ya kamawa, alhali bai kai 304 juriyar tsami ba. Shi kuma 304 na gaske wani lokaci yana ɗan ja kaɗan a inda aka lanƙwasa shi ko aka matse shi a inji, sai ka ajiye mai kyau ka ɗauki mara kyau.

Alhaji Mudi mai kayan gini:
To Malam ya za mu yi, mu ɗauki ɗakin gwajinka mu tafi da shi kasuwa?

Baba Ɗanjuma mai famfo:
Magagari Alhaji. Ka ce wa mai shago zan ɗan goga a gefen zaren, in fari ne har ciki na biya. In ka goga ka ga rawaya ta leƙo, tagulla ce ta sa riga. Mai kayan gaskiya ba ya hana ka.

Malam Nura, Ƙaura Namoda:
Wannan ita ce. Sai a haɗa da duba jikinsa, na kirki ana buga masa 304 ko 316, a bawul kuma wani lokaci za ka ga CF8 ko CF8M, su ne dai 304 da 316 ɗin in an narka an zuba. Lamba 304 shi ne wanda ake rubuta wa 18/8 a gindin wasu kwanuka, wato kashi 18 kuromiyam, kashi 8 nikel. Kuromiyam ɗin ne yake yin wata fata siririya da ido ba ya gani a saman ƙarfen, ita ke hana tsami da tsatsa shiga, in an karce ta kuma ta sake rufewa da kanta muddin akwai iska. Lamba 316 an ƙara masa wani sinadari don ya jure gishiri. Zoɓo da citta ba sa bukatarsa, kada a sa ki kashe kuɗin banza.

Ummu Aisha:
Ni tambayata kuɗi. Duk wannan bayani ya yi, amma mace mai jarin tiya biyar ta zoɓo ina za ta samu na sitenles? An ce ya ninka tagulla sau biyu ko uku. Kada mu zauna muna ba da shawarar masu hali.

Hajiya Kulu mai yogot, Talata Mafara:
Tambayarki a kan hanya take, kuma ni na bi ta wannan hanyar. Ba komai ne sai sitenles ba. Abin da ke jikin tukunya, inda wuta da zafi suke, nan ne ba makawa: mahaɗin da ya ratsa tukunyar, da bawul, da ɗan bakin da tiyo ke shiga. Guda uku ke nan, saye ɗaya. Daga inda abu ya huce kuwa roba ta wadatar, in dai robar abinci ce. Ki juya gindinta ki duba ɗan alwatikan nan mai lamba a ciki. Lamba 5 tana jure zafi sosai, lamba 2 ita ce ta yawancin jarkoki da durom, wani kuma za ki ga hoton kofi da cokali mai yatsu. Kan famfon roba na bokitin kunu da nake cika gora da shi shekararsa uku.

Gorar ruwa da muke ɗurawa a ciki kuwa lamba 1 ce, ita ko ɗumi mai ƙarfi ba ta so, za ki ga ta shanye ta motse. Sai ya huce sarai.

In kuma ko ukun nan ba hali a yanzu, to a bar huda tukunya. A sauke, a bari ya huce, a kwasa da moɗa kamar da. Ƙuna dai a kiyaye, a kori yara daga wajen.

Maman Sadik, Tudun Wada Gusau:
Hajiya ukun nan zan iya in na taɓa kuɗin adashi. Saura tiyo, wane iri zan ce a kawo min?

Malam Nura, Ƙaura Namoda:
Na silikon, na abinci. Fari ne dishi-dishi kamar kan bulumbotin jarirai, in kika matsa shi yana dawowa, ba ya wari. Yana jure zafin da ya haura digiri 200, tafasar ruwa kuwa 100 ce. Wanda aka sa miki PVC ne, tun daga wajen digiri 60 yake fara saki, kuma abin da ake zuba masa don ya yi laushi yana iya fita ya bi abin sha in ya ji zafi. Tiyon ban ruwan lambu da na gas da na mai duk a bar su inda suke.

Silikon yana da nasa hali. Yana da tsada, don haka ki matso da mazubin kusa, mita ɗaya ko ɗaya da rabi ya isa. Ki nemi mai kaurin jiki don kada ya lanƙwashe. Ba ya son matsin famfo mai ƙarfi, amma ke gangara kawai kike so. Zoɓo zai rina shi ja, wannan ba komai ba ne. Faɗinsa na ciki ya dace da bakin mahaɗin, in rabin inci ne duka su zama rabin inci, sannan a ɗaure da kilif na sitenles. Kada a ɗaure da waya ko robar taya, ranar da ya zame tafasasshen zoɓo ne zai zubo a ƙafar mutum. Washar da za ta toshe hudar tukunya ita ma ta silikon.

Abba Sabon Gari:
Anti in za a yi oda ta intanet a yi hankali. Na taɓa sayo wa yayana bawul rabin inci, muka ɗaura a ɗan mahaɗi mai zare rabin inci na kasuwa, ya shiga zagaye uku ya cije, yana ta ɗiga. Mun naɗa farin tef har ya ƙare bai daina ba.

Baba Ɗanjuma mai famfo:
Zaren ne ba ɗaya ba ɗana. Namu na nan zaren Ingila ne, BSP. Wanda kunka sayo na Amurka ne, NPT. A rabin inci dukansu haƙora 14 ne a inci guda, shi ya sa shi ka fara shiga kamar gaske, amma kwanciyar haƙoran ta bambanta. Ko duka ukun a saye su wuri ɗaya a gwada a gaban mai shago, ko a tabbatar an rubuta BSP. Kuma sitenles da sitenles in ka ɗaure su a bushe suna cije juna, ba su kwantuwa sai an yanka. Farin tef zagaye huɗu ko biyar, a bi hannun da zaren ka tafiya, a ɗaure a hankali.

Sista Hadiza, Anka:
Maman Sadik ban ji kin faɗi irin tukunyar ba.

Maman Sadik, Tudun Wada Gusau:
Irin tamu ce ta gida Sista, ta alminiyam mai kauri wadda maƙera ke zubawa, ta dahuwar biki.

Sista Hadiza, Anka:
Abin da nake tsoro ke nan.

Ummu Aisha:
Haba dai. Yanzu kuma tukunyar da kowane gida a Zamfara ke dafa tuwo da ita za a ce tana da laifi? Iyayenmu da ita suka yi, mu da ita muka tashi. In aka bi wannan ai sai a daina cin abinci.

Malam Nura, Ƙaura Namoda:
Ummu Aisha ba a ce kowace tukunya ba, kuma ba na son a ɗora wa maƙera laifin da ba su sani ba. Abin da ake narkawa ne matsalar. In gwangwanin lemo ne da tsofaffin tukwane, da sauƙi. In an haɗa da tarkacen injin mota da lagireto, dalma tana iya shiga. An auna irin waɗannan tukwane a Kamaru, aka buga sakamakon a 2014, an samu da yawa suna sakin dalma idan aka tafasa abu mai tsami a ciki. Tuwo ba tsami gare shi ba. Zoɓo da tsamiya su ne masu jawowa. Ko alminiyam ɗin ma tsantsa ne, tsami yana cinsa, duk mai dafa zoɓo ta san yadda cikin tukunya ke yin fari tas bayan an sauke, har da 'yan ramuka in an daɗe. Wancan farin ba wanki ba ne, saman ƙarfen ne ya tafi.

Ummu Aisha:
Farin nan kam na sha gani. Amma tukunyar sitenles mai lita 80 kuɗinta ya fi jarin gaba ɗaya, ku faɗi abin da zai yiwu.

Hajiya Kulu mai yogot, Talata Mafara:
Akwai hanya. Zoɓo ai ba dole sai an tafasa shi a kan wuta ba, jiƙa shi ake a ruwan zafi ya saki. Tukunyar ta tafasa ruwa zalla. A wanke zoɓon a zuba a babban baho na sitenles, irin na masu sayar da abinci, wanda bai kai rabin kuɗin tukunya ba tunda ba kauri gare shi ba. A buɗe famfo ruwan zafi ya sauka a kansa ta tiyon, a rufe, a ba shi awa ɗaya ko biyu. Kala tana fita har ta fi kyau, ba ta yin duhun nan na dogon tafasa. Citta da kanumfari a daka su a zuba tare. Tsamin bai taɓa tukunya ba, bai taɓa famfo ba.

Alhaji Mudi mai kayan gini:
To in ruwa ne kawai zai bi, ai sai ta bar tagullarta, an huta.

Malam Nura, Ƙaura Namoda:
Da sauƙi sosai a kan na jiya, ban musa ba. Amma ruwan zafi ya fi na sanyi jan dalma, shi ya sa ake hana haɗa madarar jariri da ruwan famfon zafi a ƙasashen da ke da shi. Kuma tagulla a jikin alminiyam cikin ruwa tana sa alminiyam ɗin ya ci a gefen hudar, nan da wani lokaci yoyo zai fara. Tunda ta ce za ta iya ukun nan, a cire ta kawai. Canza tukunyar ya jira zuwa bayan salla.

Maman Sadik, Tudun Wada Gusau:
Na fahimta. Wanki fa? Da Hypo nake jiƙa gorunana.

Hajiya Kulu mai yogot, Talata Mafara:
Gora daban. Sitenles kada ki bar shi ya kwana a ciki, yana huda masa ƙananan ramuka. In kin sa, 'yan mintuna, ki ɗauraye sosai. Kada ki goge shi da soson ƙarfe, burbushin yana maƙalewa ya yi tsatsa ki ɗauka an cuce ki. Ruwan zafi da sabulu da soso mai laushi.

Inda datti ke ɓuya shi ne cikin bawul, bayan ƙwallon nan da ke juyawa. Ranar da na fara kwance nawa na yogot, abin da na tarar a ciki ya hana ni cin abinci, kuma kullum ina wanke shi ta waje ina ganin ya yi fes. Ki ce wa Alhaji ya nemo miki mai gida uku, wanda ake kwance ƙusoshi huɗu ya rabu. In babu, ki riƙa buɗe shi rabi kina watsa ruwan zafi kina juya hannun. Tiyon kuma ki zare shi kullum, ki tafasa shi, ki rataye a ƙusa baki biyun suna kallon ƙasa.

Maman Sadik, Tudun Wada Gusau:
Jama'a na dawo, kwana tara ke nan. Alhaji Mudi ya kawo bawul da mahaɗin tukunya da ɗan bakin, duka an buga 304. Mai gida uku bai samu ba, mai gida biyu ne. Tiyon silikon sai wajen masu kayan asibiti aka samo, mita ɗaya da rabi. Baho na aro na ƙanwata tukuna. Na yi yadda Hajiya ta ce sau biyu da moɗa kafin a ɗaura, zoɓon ya fito ja wur, sai dai na ga cittar ba ta kama kamar da ba, ko in tafasa ta daban a ƙaramar tukunyar sitenles in juye?

Hajiya Kulu mai yogot, Talata Mafara:
Haka za ki yi, ita da kanumfari, minti goma sha biyar ya isa.

Maman Sadik, Tudun Wada Gusau:
To madalla. Saura ɗaurawa. Hudar da aka yi da farko ta ɗan fi sabon mahaɗin faɗi, ina tsoron yoyo, kuma wancan mai gyaran famfon ya ce a kai wa mai faci.

Baba Ɗanjuma mai famfo:
Kada ki kai. Faffaɗar washa ta sitenles ciki da waje, ta silikon a tsakani, ta rufe. Ina da guda biyu a shago. Ki gaya wa maigidan ina nan tafe Asabar bayan la'asar, a wanke tukunyar a kife ta bushe. Zan zo da magagari in goga kayan Alhaji a gabanku kafin in ɗaura.

Alhaji Mudi mai kayan gini:
Goga Baba, na riga ka a Ƙofar Ruwa. Tsohon kan tagullar kuma a ajiye min, zan sa shi a tankin wanki.